Ajin kwamfuta na hutun damina: abin da jika 15 ta saya wa Auta

Tun da aka koma lakwal, mata huɗu ke nan suka tare ni a shago da tambaya guda: wai wurin nan da na kai Auta koyon kwamfuta da hutu, ya ci kuɗinsa kuwa? Biyu ƴan adashena ne, ɗaya maƙwabciya, ɗaya kuma ɗinkin suna ta kawo ta ji muna maganar ta sa baki. Kowace a tsaitsaye na ba ta amsa, ƙafa kan keke, ido kan allura. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin gaba ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Sunan wurin ba zan kama ba, don akwai ƙorafin da zan yi, kuma ba na son in tozarta mai neman halaliyarsa. Wadda ta matsu ta san hanyar shagona.

Ni tela ce a Sabon Gari, nan Damagaram, kuma ina riƙe da adashen mata 24. Karatuna bai wuce firamare ba. Salula na iya, da ita nake karɓar hotunan ɗinki ta WhatsApp, amma kwamfuta ban taɓa sa mata hannu ba kafin wannan damina. Auta shekararta 12.

Wurin ɗaki guda ne, ba nisa da kasuwar Dole, tsohon shagon buga takardu. Kwamfuta 9, yara 16, fanka biyu. Sati 6 ake yi, Litinin da Laraba da Asabar, daga ƙarfe 9 zuwa 11. Kuɗi jika 15, kuma sun yarda a biya kashi biyu. Ki ƙara da kuɗin kabu-kabu in gidanku da nisa. Mai koyarwar saurayi ne da ya fito daga Jami'ar André Salifou, yara suna ce masa Mushe, wato Monsieur na Faransanci, akwai kuma wani yaro da ke taimaka masa. Ranar farko na ƙi tafiya, na zauna kan benci a baya da kalmasar da nake yi da hannu, don ban saba barin ƴa mace inda ban sani ba. Mushe ya ce, "Hajiya, bencin naki ne duk ranar da kika so." Daga nan duk Asabar ina can.

Satin farko raina bai yi daɗi ba. Abin da na gani kawai wata kyanwa ce a fuskar kwamfuta, yara suna jawo wasu tubala masu launi suna harhaɗawa, kyanwa ta yi gaba, ta juya, ta yi kuka. Da aka tashi na tsare shi. Ya ce manhajar sunanta Scratch, a jami'ar MIT ta Amurka aka yi ta, ta fito a 2007, don yara masu shekara 8 zuwa 16, kuma kyauta ce, har ba intanet tana aiki. Na ce, to in kyauta ce, kuɗin me na biya? Bai ji haushi ba. Ya ce, "Kuɗin kujera da kuran da bakina, Hajiya. Ki ba ni Asabar mai zuwa."

Asabar ɗin nan ita ce dalilin wannan rubutu.

Ya sa kowa ya zana murabba'i da kyanwar. Taku 100, juya digiri 90, taku 100, juya digiri 90, har kusurwa huɗu su cika. Tubali 8 ke nan, yara suka yi nan da nan suna murna. Ya ce a yi mai gefe 6. Tubali 12, aka yi. Sai ya rubuta a allo: taku 10, juya digiri 10, sau 36, wannan zai ba ku da'ira. Tubali 72 ke nan, kowane sai an jawo shi da hannu an manna. Ya koma bakin ƙofa ya naɗe hannu. Na ga yara sun fara tsaki, wasu sun ɓata lissafi sun koma ƙirgawa daga sama da ɗan yatsa a kan gilashi. Auta ta waiwayo ta dube ni kamar za ta yi kuka. Ni kaina na ce a raina wannan wace irin wahalarwa ce. Ya bar su sun kai kusan kwata na awa. Can wani ɗan ƙaramin yaro a layin gaba ya ce, "Mushe, abu ɗaya fa muke ta yi!"

Ya ce kowa ya ɗauke hannu. Ya sa yaron ya tashi ya sake faɗa da ƙarfi. Sannan ya nuna musu wani tubali ruwan goro mai buɗaɗɗen baki, an rubuta masa « répéter 10 fois ». Ya goge 10 ya sa 36, ya cusa tubala biyu kacal a bakinsa, taku da juyi, ya danna tutar kore. Kyanwa ta zagaya ta rufe da'ira kafin ka ce kwabo. Tubali 3 a madadin 72. Ihun da yaran nan suka yi sai da mai shayin ƙofar wurin ya leƙo.

Na gane abin da ya yi, don haka nake yi da ƴan koyo a shagona. Ba na ɗora yarinya kan keke sai ta yi wata guda tana kalmasa da allurar hannu, yatsunta sun sha suka. Ranar da ta hau keke ba sai na gaya mata amfaninsa ba. Da Mushe ya fara da nuna tubalin nan tun da safe, da sun haddace shi kamar yadda suke haddace darasin lakwal, su manta bayan sati. Da ya bari suka gaji tukuna, sai ya zama su suka nemi abin da bakinsu.

Da Faransanci bukul suke ce masa, haka yara ke faɗa tsakaninsu. Shi kuwa Mushe maimai yake cewa, irin na gona, inda ake komawa kan kunyar da aka riga aka nome. Wannan ma abin yabo ne: duk bayani da Hausa yake fara shi, sai ya ga ya zauna sannan ya kawo sunansa na Faransanci. Akwai yara biyu ƴan makarantar allo a ajin da Faransancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma a satin maimai ba wanda ya bar su a baya.

Ya ce maimai iri biyu ne babba, kuma duka biyun muna yin su a gida kullum. Na farko shi ne na carbi. Bayan salla ka san tun kafin ka fara sau 33 za ka yi tasbihi, yatsanka yana tafiya kan ƙwayoyi yana riƙe maka inda ka kai, ka zo ƙarshe ka tsaya. Wannan shi ne maimai mai adadi. Abin da ke riƙe ƙirgen kuma, ya ce a kwamfuta kamar ƙwarya ce da aka sa wa suna, kowane zagaye a cire lambar da ke ciki a sa ta gaba.

Na biyu ranar da kuran ya ɗauke ya koyar da shi. Ya aika aka aro bokiti da moɗa wajen mai shayi, aka sayi jarka guda wajen ɗan garuwa. Ya kira wata yarinya ya ce ta cika bokitin. Ya tambaye ta moɗa nawa za ta zuba, ta ce ba ta sani ba. Ya ce to yaya za ki san kin gama? Ta ce in ya cika. Ya ce shi ke nan, kin faɗi maimai na biyu: ba adadi, sharaɗi ne ke tsai da shi. Ya sa ta, kafin kowace moɗa, ta leƙa ta faɗa da baki, "Bai cika ba," sannan ta zuba. Da ya cika ta ce, "Ya cika," ta aje moɗa. Sai ya kira wani yaro ya ce shi ma ya cika bokitin nan. Yaro ya ɗebo ruwa zai zuba, yara suka yi caa, ai a cike yake! Mushe ya ce haka kwamfuta ma take yi, dubawa take fara yi kafin zubawa, in ta tarar sharaɗi ya riga ya cika ko sau ɗaya ba za ta shiga zagayen ba.

Sannan ya yi tambayar da har yau Auta ke maimaita mani: in bokitin ya huje a gindi fa? Ɗaki ya yi shiru. Wata ta ce ai sai a kwana ana zubawa. Ya ce mutum zai gaji ya duba gindin bokiti, kwamfuta kuwa ba ta gajiya kuma ba ta tunani, za ta yi ta zubawa har a kashe ta. Duk wanda ya sha zaman jiran ruwa a garin nan da bazara, ya ga jarka tana yoyo, wannan misali ba zai fita kansa ba. Ya ƙara da cewa akwai inda da gangan ake son maimai marar ƙarshe, kamar wasan da ke zaune yana jiran a danna maɓalli. Scratch tana da tubalinsa daban, « répéter indéfiniment », kuma ya nuna musu cewa shi gindinsa a shafe yake, ba wurin manna wani tubali a ƙasansa, tunda ba ranar da za a iso can. Jan maɓallin da ke kusa da tutar kore shi ke tsai da shi.

A sati na uku Auta ta so zana mai kusurwa uku, ta sa juyi digiri 60 kamar yadda aka koya musu a lissafi, zane ya ƙi rufewa. Mushe bai taɓa kwamfutar ba. Ya zana mai kusurwa uku a ƙasa da alli ya ce ta taka ta bi layi. Da ta zo kusurwa ta ji yadda jikinta ya juyo sosai, ya fi abin da ta zata. Daga nan suka fitar da dokar da kansu: duk siffar da za ta rufe, juyinta gaba ɗaya 360 ne, sai a raba da yawan gefe. Mai uku 120, mai huɗu 90, mai shida 60.

Ran nan kuma aka sa maimai cikin maimai. Murabba'in nan na tubali 3 aka cusa shi cikin wani babban maimai sau 12, bayan kowane murabba'i a juya digiri 30. Abin da ya fito fure ne sak, irin wanda dukawa ke yi a tsakiyar matashin fata, irin kuma zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni. Ban san lokacin da na aje kalmasa na taso ba. Na ce masa ai wannan aikina ne: ganye 5 su yi fure guda, fure 12 su zagaye wuyan riga, kuma ba na fara fure na biyu sai na gama ganyen na farko duka. Ya ce in faɗa wa yara haka, na faɗa, ya ce bayanin ya fi nasa. Bayan an tashi ya gaya mani cewa tun wajen 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard, a birnin Liyon, ya yi masaƙa da ke karanta ado daga katuna masu huji da aka ɗinke su jere, in sun zagayo ado ya sake fitowa, kuma furannin da ke jikin shadda da irin wannan masaƙa ake yin su. Shekara ashirin ina yanka shadda ban san haka ba. Tun ranar in na shimfiɗa yadi sai na nemi inda adon ya ƙare ya sake farawa.

To, ga inda raina ya ɓaci.

Kwamfuta 9 ga yara 16 ba ta isa ba. Biyu-biyu ake zama, kuma in aka haɗa mace da namiji, linzamin kwamfutar, abin nan da ake jan tubala da shi, a hannun namiji yake kwana. Na yi magana, Mushe ya sa doka a riƙa canji duk minti 10, amma in ya fita ya bar yaronsa doka ta bi iska. Shi yaron nan ma matsala ne. Ya iya aiki, amma ba shi da haƙurin koyarwa. Yaro na kiransa sai ya ƙwace linzami, ya gyara cikin daƙiƙa biyar, ya wuce. Abu ya yi aiki, yaro bai san me ya faru ba. Sau biyu Auta ta dawo gida da aikin da ke tafiya daidai amma ta kasa gaya mani dalili.

Ba su da injin kuran, ba su da sola. Cikin zama 18, sau 3 kuran ya ɗauke. Ɗaya ita ce ranar bokiti, wadda ta zama alheri. Sauran biyun sallamar yara aka yi, kuma ba a rama ba. Mai karɓar jika 15 daga yara 16 da damina ya san hadari zai taso, ya kamata ya tanadi ko batir ne. Sau ɗaya kuma ɗaukewar ta tafi da aikin Auta na awa guda, don ba wanda ya koya musu adanawa tun ranar farko. Sai da na saya mata kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a adana aiki, daga baya.

Babban ƙorafina shi ne sati biyun ƙarshe. Yara na tsakiyar jin daɗin Scratch aka ɗauke su aka kai Python, inda ba tubali, komai da hannu ake bugawa, kalmomin kuma na Turancin Ingilishi ne, wanda yawancinsu ba su fara a lakwal ba. Mushe ya ce yare ne na aiki na gaske, wani mutumin Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, manyan kamfanoni suna aiki da shi. Ban musa ba. Amma zama 6 ba su isa ba, kuma ina jin mai wurin ne ke son sunan ya fito a takardar shaida. Kwamfutocin ma gauraye suke, wasu allon bugunsu jerin Faransa ne mai farawa da AZERTY, wasu na Kano ne mai QWERTY, yaro ya saba da inda baka da ɗigo biyu suke yau, jibi ya zauna wata kujera ya rasa su. A Scratch bakin tubali ke nuna maka abin da ke cikin maimai. A Python sai ka tura layukan ciki da tazara iri ɗaya, yawanci 4, in ta wani layi ta saɓa da ta sauran ta ƙi tashi. Abin da ya fi rikita su shi ne na bokiti ya juye. A Scratch cewa ake "yi ta yi har sai ya cika". Kalmar while ta Python kuwa nufinta "yi ta yi muddin bai cika ba". Abu ɗaya ne ta fuska biyu, amma yaro ɗan shekara 11 yana bukatar yini guda a kansa, da bokiti a gabansa. Minti goma aka ba shi. Rabin ajin daga nan kwafar allo kawai suka koma yi, na gani da idona. Yaran makarantar allon nan biyu da suka yi fice a satin maimai, ɗaya bai ƙarasa zuwa ba.

Duk da haka a cikin sati biyun nan aka yi abin da ya sa na daina lissafin jika 15. An ce kowa ya kawo aiki daga gida wanda ake maimaitawa. Auta ta ɗauki kayen adashena. Mu 24 ne, zubi jika 2 duk Alhamis, mai kwasa ta ɗauki jika 48. Duk farkon zagaye sai na zauna da biro da rula na ja layi 24, na rubuta sati da suna da kuɗi. Ta buga sunayen ta jera, ta rubuta:

for sati in range(1, 24):

da layi guda a ƙarƙashinsa mai fitar da lambar sati da suna da kuɗi. Ta danna, sunaye suka zubo. Ta kira ni da murna. Na bi da yatsa tun daga sama, don jerin nan a kaina yake, na zo ƙasa na ce ina mai ƙosai? Ita ce ta ƙarshe a zagayen, baiwar Allah mai riƙon marayu, da kanta ta zaɓi ƙarshe don kwasarta ta zo daidai da sayen hatsi. Babu ta. Layi 23 ne.

Allah ya sa Mushe ne a kusa, ba yaronsa ba. Ya ce wa Auta ta karanta lambar ƙarshe da ta fito. Ta ce 23. Ya ce ke kuma me kika rubuta? Ta ce 24. Ya ce to me kika gano game da range? Ta yi shiru can ta ce, a bakin ƙofa take tsayawa ba ta shiga. Ya ce haka ne, lambar ƙarshe ba ta cikin ƙirge, kuma in ba a gaya mata mafari ba daga 0 take tashi, range(5) yana ba da 0, 1, 2, 3, 4. Ta mai da 24 ta zama 25, mai ƙosai ta fito. Ya ce wannan kuskure na rarar ɗaya ko gibin ɗaya har manyan masu aikin yana kama su, maganinsa a duba na farko da na ƙarshe kullum. Na ce masa a adashe gibin ɗaya mutum ce, da sunanta da zubinta na wata biyar da rabi. Ya juya ya ce wa yara su rubuta wannan a kaye.

Ta ƙara ƙwarya guda mai tara jimla, kowane zagaye a ƙara mata 48000. Ƙasan allo ya nuna 1152000. Miliyan 1 da jika 152, daidai da abin da ke shafin ƙarshe na kayena, wanda ni sai da na yi dare biyu ina haɗawa.

Ga masu tambayata: in ɗanki ya kai shekara 10, yana iya karanta ɗan Faransanci, ki kai shi. Amma ranar rajista ki tambayi abu uku da bakinki: yara nawa ne kan kwamfuta guda, wa zai tsaya a ajin da kansa, kuma ranar da ba kuran me za a yi. In ƴa ce, ki nemi a zaunar da ita da ƴa ƴar'uwarta. In da hali ki ce a bar shi kan Scratch sati shidan duka, takardar shaida ta faɗi abin da ta ga dama. Wanda bai kai 10 ba, ko babban da ke neman aikin ofis da gaggawa, ba wurinsa ba ne. Ki kuma sani ba kwamfuta a gida abin yana dusashewa. Mu ba mu da ita. Mushe ya yarda tsofaffin ɗalibai su zo Lahadi da yamma a dala 40 awa guda, Auta na zuwa sati bi sati, sauran kwanaki a takarda take rubutawa tana bin zagayen da yatsa.

Adashenmu zai sake tashi bayan girbi, kuma mata biyu sun shigo, mun zama 26. Jiya na buɗe kaye zan fara jan layi, na tarar Auta ta riga ni. A bangon baya ta rubuta sunayen sababbin biyun da fensir, ƙasansu ta sa range(1, 27), ta ja wa 27 ɗin layi biyu.